Yatsan da Aka Naɗe da Leda

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, kuma Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawar. Ranar ce na zauna gaban mutum huɗu a wani ofis a Abuja, cikin shadda mai karin guga, na kashe kwamfutata da ke Kano da hannuna, sannan na rasa yadda zan yi in kunna ta. Abokaina in suna ba da labarin, a nan suke tsayawa su yi ta ƙyaƙyata dariya. Ni kuwa da a nan abin ya tsaya, da tuni na warke.

Bari in koma baya kaɗan. Ni ɗan Sheshe ne, cikin birni, kuma ni ne auta a gidanmu. Mahaifina marini ne a karofin Ƙofar Mata, sana'ar da ya gada daga kakana. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin hannun Baba da launin hannun sauran mutane ba. Daga yatsu har wuyan hannu shuɗi ne, faratan kuwa sun kusa komawa baƙi. Samarin karofi yanzu safar roba suke sakawa, shi ya ƙi, wai da fatar hannu ake jin ko ruwan rini ya nuna. Da wannan hannun ya riƙe ni a makaranta har na fito da digiri a fannin kwamfuta. (Na faɗi wannan tun yanzu ne don kar wani ya nema mini uzuri a gaba. Na sani sarai.)

Da na gama bautar ƙasa na dawo gida, aiki ya ce ban gan ka ba. Sai na mai da shagona, wato ɗakin samarin nan da ke bakin zaure, ɗan ƙaramin ofis. Na harhaɗa kwamfutar tebur da kaina, yayana da ke Legas ya sa mini sola da batir, na jona ƙaramar na'urar intanet ɗin nan da muke kira rauta. A kan kwamfutar nake gina wata manhaja mai tsara wa makarantu jadawalin darussa. Ita ce kaɗai abin da nake da shi na nunawa in an ce me ka iya.

Ranar da na fara kunna ta, Baba ya dawo daga karofi da la'asar ya leƙo. Ya yi sallama, ya tuɓe takalmi (a ɗakin ɗansa fa, a cikin gidansa), ya tsaya yana kallon fankar da ke juyawa ta gilashin gefe. Murna fal fuskarsa.

"Auta, ita ce wannan?" in ji shi.

Sai ya miƙa hannu zai shafa ta, irin shafar da yake wa turmin yadi in rini ya kama da kyau. Ni kuma bakina ya riga hankalina.

"Baba, kar ka taɓa. Hannunka da shuni."

Hannun ya tsaya cak. Ya duba bayansa, ya juya ya duba tafin, sannan ya mai da shi cikin aljihun riga. "Haka ne," ya ce. "To, Allah ya sa albarka." Ya sa takalminsa ya shige cikin gida.

Shunin da ya yi shekara arba'in a fata ba ya zuba a kan komai. Da hannun nan yake cin tuwo, da shi yake ɗaukar jikokinsa suna sanye da fararen kayan sallah. Wannan ma na sani. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne yadda ake bin uba cikin gida a durƙusa a ce an yi kuskure. Na ce a raina zai wuce. Baba bai yi faɗa ba, bai gaya wa Inna ba, bai canja mini fuska ba. Abu biyu kawai suka canja. Bai sake taka ƙofar shagona ba, kuma ya daina ce mini Auta, na koma Injiniya. Mutanen unguwa sun ɗauka yabo ne, ni kaɗai nake jin inda yake sukata. Maimakon in gyara, sai na sayo kwaɗo na maƙala wa ƙofar, wai don kar jikoki su shiga. Girman kai rawanin tsiya, ni kuwa na naɗa nawa har da kunnuwa biyu.

Haka muka zauna fiye da shekara, muna gaisawa kullum safe da yamma, amma maganar nan tana tsakaninmu.

Yanzu in yi muku ɗan bayanin sana'a, don ku gane girman wautar da ke tafe. Duk wanda ya zauna da kwamfuta ya san takan sandare wani lokaci, ka danna nan ka danna can, ko gezau. Maganinta tun na kaka da kakanni shi ne a kashe a kunna. In kana kusa, ba komai ba ne. In kana nesa kuwa, kana shiga cikinta ta intanet daga wani gari, to ka shiga uku, don wadda za ka ba umarnin ta sake tashi ita ce ta suma. Dole a sami wanda zai yanke mata wuta ya mayar. Ni kuma na ƙudura ba zan roƙi kowa a gidan nan ya taɓa mini kaya ba. Sai na sayo wani farin soket mai wayo, wanda ake jonawa a bango, shi kuma ya kama intanet ɗin ɗakin. Daga wayarka, ko kana ina, ka danna ya yanke wuta, ka sake dannawa ya mayar. Na kuma saita kwamfutar yadda da zarar wuta ta dawo mata za ta tashi da kanta.

Sharaɗi ɗaya ne da abin, kuma ko ɗan koyo ya san shi. Kar ka kuskura ka jona rauta a kan wannan soket, domin ta cikin rautar yake jin maganarka. In ka kashe su tare, ka kashe kunnen da zai ji ka ce a kunna. Saboda haka rautata tana can a ɗaya bangon da soket ɗinta daban. Har wa'azin wannan na yi wa abokaina a dakalin ƙofar gida, na rufe da cewa, "Ni yanzu ko daga Makka sai in kashe ta in kunna. Ba na bukatar kowa." Daidai lokacin Baba ya fito zai tafi masallaci. Ya ɗan dakata yana gyara hula. "Madalla, Injiniya," ya ce, ya wuce.

Ana nan sai ga kira daga wani kamfani a Abuja, in zo ganawar ɗaukar aiki ranar Laraba, in kuma zo da abin da na taɓa ginawa in nuna. Talata da safe ina shirin tafiya tasha sai aka kawo wuta, abin da muka kwana biyu ba mu gani ba. Na tuna shaddata ba guga. Na rarumo dutsen guga, na duba bango, babu soket sai na rauta. Na zare ta, na cusa a jikin doguwar wayar nan mai baki huɗu da kwamfutar ke kai, wadda ita kuma take jone da farin soket. Minti biyar kawai, in ji ni. Na goge shadda ta yi ƙyalli, na tsaya gaban madubi na yaba wa kaina, na ninke, na danna kwaɗo, na jefa makulli a aljihu. Baba yana zaune a zaure yana lazimi. Na durƙusa, ya yi mini addu'a mai tsawo, ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Injiniya."

Washegari da hantsi aka shigar da ni. Maza uku da mace ɗaya, ita ce shugabarsu, wata Hajiya mai tabarau da ba ta dariya. Turanci ake yi zalla, kuma daga jin nata ban kawo ma ta san hanyar Kano ba. Na buɗe laftof, na shiga kwamfutata ta gida, manhajar ta bayyana a babban allon bango. Na fara zuba. Ina cikin nuna musu yadda take raba wa malamai azuzuwa ba tare da karo ba, sai komai ya tsaya. Ta sandare.

Ga inda ya kamata ku san irin mutumin da nake a lokacin. Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina ga dama ta zo har gida. Na gyara zama na shaida musu cewa wannan ƙaramin abu ne, kwamfutar tana Kano a ɗaki a kulle, makullin ma ga shi (har na fito da shi na kaɗa musu, Allah ya yafe mini), amma yanzu za su ga yadda ake tayar da ita ba tare da ɗan Adam ya taɓa ta ba. Na ɗaga wayata yadda kowa zai gani, na danna kashewa. Allon ya yi baƙi. Na ƙirga goma a bayyane, da murya irin ta mai rufa-ido a kasuwa. Na danna kunnawa.

Wani ɗan zobe ya fara juyawa a fuskar wayar. Ya juya, ya juya. Sai rubutu ya fito cewa ba a sami na'urar ba.

Na sake dannawa. Na ce musu sabis ne. Na sake. A dannawa ta huɗu ne dutsen guga ya faɗo mini a rai, na gan shi ƙuru-ƙuru, na ga hannuna yana zare rauta daga bango. Ɗaya daga cikin mazan, wani mai sanƙo da alama ya daɗe a harkar, ya jingina da kujera ya tambaye ni a hankali inda rautar take jone. Yana duban fuskata ya gane. Ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa suna rawa.

Hajiya ta duba agogo. Ta ce za su ga mutum na gaba, ina da rabin awa, in na iya tayar da ita in dawo.

Na fita baranda ina kiran Inna. Sau uku tana ringin ba a ɗauka, sai na tuna ta tafi suna Ƙofar Dawanau, wayar tana ƙasan jaka cikin hayaniyar mata. Yayyena mata suna gidajen mazajensu a bayan gari. Saura mutum ɗaya a duk faɗin Kano da zai iya isa ɗakin nan cikin rabin awa. Na daɗe ina kallon lambarsa, kunya tana cina, kafin na danna.

"Salamu alaikum, Injiniya. An gama?" Ina jin motsin ruwa da muryoyin karofi a bayansa.

Na yi masa bayani a birkice. Na ce kwamfuta ta mutu, na ce akwai wani maɓalli a jikin farin soket da sai an danna da hannu, na ce ya nemi guduma ya fasa kwaɗon, zan sayi wani.

"Ba sai an fasa ba," ya ce. "Kwaɗon nan da 'ya'ya uku ya zo. Ɗaya ka bar shi a aljihun rigar da ka ba da wanki, uwarka ta kawo mini. Yana cikin jakata tun bara."

Shekara guda makullin yana hannunsa, kullum yana wucewa ta ƙofar sau goma, bai taɓa buɗewa ba.

"Bari in tashi," ya ce, ya kashe.

Wanda ya san cikin birni ya san abin da ake nufi da a taso daga Ƙofar Mata zuwa Sheshe da hantsi. Sai ka sami adaidaita, sai ta kutsa cunkoso, sannan ka sauka ka bi lungu da ƙafa, ga shi kowa ka gamu da shi sai an gaisa. Baba kuwa ya haura saba'in, gwiwa ɗaya tana damunsa. Rabin awata ta cika bai kira ba. Aka leƙo aka ce in shigo. Na zauna na buɗe laftof ina ta 'yan dabaru, ina goge allon da ba datti, sai waya ta yi ƙara. Hannuwana biyu suna kan laftof, kuma a zatona babu mai jin Hausa a ɗakin, sai na sa ta a sifika na ajiye a kan tebur.

"Na shiga," in ji Baba, yana haki. "Wanne ne?"

Na kwatanta masa. Farin abu a bangon gabas, ƙasa da taga, da ɗan maɓalli a gefensa. Ya ce ya gani. Na ce ya danna sau ɗaya. Babu abin da ke fitowa daga wayar sai wani ƙaras-ƙaras. Mutum huɗu suna kallona, ni ina kallon waya.

"Baba, lokaci fa. Me ake yi?"

"Yi haƙuri, yatsan nake naɗewa da leda," ya ce. "Na tsaya na wanke da sabulu har sau uku, bai fita ba. Kar in ɓata maka."

Babu gatse a muryarsa, ko kaɗan. Da gatse ne da na fi samun sauƙi. Da gaske yake, tsoho ya yarda da maganar da ɗansa ya gaya masa, ya riƙe ta fiye da shekara. Na ji ƙas, sannan ya ce, "To, ga wata fitila ta kama. Ga fankar nan ma tana juyawa." Na ji murnar nan ta ranar farko a muryarsa.

Kafin in buɗe baki, Hajiya ta cire tabarau, ta matso da fuskarta kusa da wayar. Da Hausar cikin birni tsantsa, irin ta gwaggonnina, ta ce, "Sannu da aiki, Baba. An gode."

"Yawwa, sannunku dai. Ashe da mutane. Don Allah ku yi masa haƙuri, yaron kirki ne, yana da ƙoƙari. Tun yana ƙarami haka yake da son gyare-gyare."

Ta ce in sha Allahu, suka yi sallama. Mazan uku ba su ji ko kalma ɗaya ba, suna ta murna allon ya dawo. Ita kuwa ta mai da tabarau, ta dube ni ta samansa, ta yi ƙasa da murya.

"Marini ne?"

"E, Hajiya. A Ƙofar Mata."

"Wa ya ce masa hannunsa yana ɓata kaya?"

Na sha jin ana cewa mutum ya so ƙasa ta tsage ya shige, ranar na san ba ƙari ake yi ba. Dariyar mai sanƙo ba ta kai ko rabin wannan tambayar ciwo ba. Hajiya ba ta sake tambaya ba. Ta koma Turanci ta ce in ci gaba. Manhajar ta yi aiki lafiya lau har ƙarshe, amma ko za a yanka ni ba zan iya tuna abin da na faɗa ba.

Aikin dai ban samu ba. Bayan mako biyu suka aiko da saƙo mai ladabi, kuma ban ga laifinsu ba, ni ma da ni ne da ban ɗauki kaina ba. Amma tun kafin saƙon ya zo na riga na san ba shi ne abin da ya fi damuna ba.

Ranar Alhamis da na sauka a tasha ban bi ta gida ba, karofi na wuce da jakata. Na tarar da Baba a bakin raminsa yana tsoma wani yadi yana ɗagawa. Maƙwabcinsa na rami, wani dattijo da suka taso tare, ya ja ni gefe ya ce yadin jiya ne ake sakewa. Baba ya bar shi rabi a ruwa rabi a waje ya tafi, ya fito dabbare-dabbare, abin da bai taɓa faruwa da shi ba tun suna samari. Na je na durƙusa a gefensa, shaddata tana shan ruwan rini, ban damu ba.

"Baba, ka yafe mini."

"Me ka yi?"

"Maganar hannu."

Ya tsoma yadin, ya ɗaga, ya bar iska ta buge shi. Sai da ya yi haka sau biyu. "Ai ba ƙarya ka yi ba, da shunin," ya ce. "Ta dai tashi ko?"

"Ta tashi, Baba."

"To shi ke nan. Tashi kar ka ɓata kayanka, Auta."

Na tashi na juya baya ina kallon wasu yaduka da aka shanya, don kar samarin karofi su ga idona. Da na isa gida na tarar ya mai da kwaɗon ya kulle yadda ya same shi. A kan teburina ga 'yar farar leda, irin ta ƙullin sikari, an ninke ta an ajiye a gefe. Na cire kwaɗon ranar, na ba Inna ta sa a ƙofar ɗakin kaji.

Yanzu ina aiki a Kaduna, kwamfutar tana nan a Sheshe. Rauta ta koma bangonta, na ma naɗe filoginta da salatif don kar wani mai shadda ya sake zarewa. Farin soket yana aiki, daga inda nake zan iya kashewa in kunna sau ɗari. Idan matasan ofis suka tambaye ni sirrin tayar da kwamfuta daga nesa, nakan ce musu kafin ka yanke wa abu wuta, ka duba ko ta cikinsa muryarka take isa gida. Sukan rubuta a littafi, a zatonsu maganar rauta kawai nake yi.

Amma duk Juma'a in an sauko daga masallaci nakan kira Baba in ce ta sandare. Yakan ce, "Auta, wannan kwamfuta taka ba ta ciwo sai ranar Juma'a." Sai in ji ƙarar takalminsa a zaure, in ji ya tura ƙofa, ya danna da yatsansa, babu leda. Daga nan sai ya zauna a kujerata, ya ce bari ya ga ko fankar za ta juya, mu yi ta hira har la'asar. Ya san ƙarya nake yi, ni ma na san ya sani.

Duk zuwan da na yi gida sai na durƙusa na duba maɓallin nan. Shekara biyu ke nan yana danna shi, har yau fari ne tas.